Abin da Littafin Rajistar Masu Gidajen Kallo Ya Koya Mini

Taron ƙungiyar masu gidajen kallo ba ya cika maƙil sai ranar da hukuma ta garƙame wa ɗaya daga cikinsu ƙofa. Na daɗe ina riƙe da muƙamin sakatare a irin wannan ƙungiya a wani gari na Arewa, littafin rajista kuma a hannuna yake, don haka na san waɗanda ke biyan kuɗin wata ba fashi, na kuma san waɗanda ba a ganin ƙeyarsu sai wuta ta kama gemu. Mambobinmu sun haɗa da mai zaure guda da benci goma da talabijin biyu, wanda rabin cinikinsa daga ƙwallon Turai yake fitowa, da kuma mai babban ɗaki da majigi da kujeru masu lamba.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne, jami'in gwamnati ba ya auna koke da zafin muryar mai kawo shi, da takardar da ke hannunsa yake auna shi. Duk sanda muka je ofis kan maganar haraji, tambayoyin ba sa sauyawa: ku nawa ne, mutum nawa ke cin abinci a ƙarƙashinku, nawa kuka zuba a asusun gwamnati bara? Shugaban da ya amsa da "muna da yawa, ranka ya daɗe" ya riga ya faɗi. Wanda kuwa ya buɗe littafi ya nuna sunan kowane gida da unguwarsa da lambar lasisinsa, ya lissafa mai yankan tikiti da mai kula da janareto da mai shara da mai gadi, ya ɗora rasit ɗin ƙaramar hukuma a kan na hukumar tara haraji a kan na hukumar tace finafinai, domin a ga da ido cewa gida ɗaya ake tatsa ta fuska uku, shi ne ake ce wa ya zauna a yi magana. Tattara waɗannan rasitai aiki ne mai gundura, mambobi da dama kuma suna ɓoye su saboda tsoron kada abokin sana'a ya gane yawan cinikinsu, amma ban ga wani makami da ya kai su ba. Ƙungiyar masu sinima ta ƙasa, wato CEAN, ta fahimci haka, shi ya sa take fitar da alƙaluman cinikin tikiti a kai a kai, har 'yan jarida da masu zuba jari suka saba dogaro da su.

Tarihin Kano ya isa ya nuna dalilin da ya sa wannan sana'a ba ta iya zama ba wakili. Tun daga buɗe sinimar Rex a 1937, zuwa Palace da aka gina a cikin birni a farkon shekarun 1950 duk da adawar malamai, har zuwa zamanin Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, mai sinima bai taɓa rabuwa da zargin ɓata tarbiyya ba. A Disamban 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin jihar ta dakatar da shiryawa da nuna finafinai, sai a 2001 aka kafa hukumar tace finafinai aka dawo da harkar bisa sharuɗɗa. Sana'ar da za a iya tsayarwa da sanarwa guda tana buƙatar mutanen da hukuma ta riga ta san fuskarsu tun kafin rikici. Saboda haka muka mayar da ziyarar masu unguwanni da limamai da jami'an Hisba al'ada a lokacin da babu wata matsala, muka kuma yarda da kanmu a kan lokacin tashi da hana yara 'yan makaranta shiga da rana. Wasu mambobi sun ga kamar kai muka miƙa, ni kuwa har gobe ina ganin dokar da mutum ya sa wa kansa ta fi sauƙin ɗauka a kan wadda za a rubuto masa daga ofis.

Akwai kuma iyakar da ƙungiya ba ta iya tsallakewa, na kuma fi gane ta da na karanta abin da ya faru a Amurka. Ƙungiyar masu sinima ta can, wadda aka kafa a 1965 ta kuma koma Cinema United a 2025, ta taka rawa wajen shawo kan majalisa ta sa gidajen sinima cikin tallafin dala biliyan 15 da aka ware wa wuraren nishaɗi a Disamban 2020, lokacin annobar korona. A gaban gwamnati bakinsu ɗaya ne. Amma a cikin shekarar 2020 ɗin, da kamfanin Universal ya saki wani fim kai tsaye ta intanet, kamfanin sinima na AMC, wanda mamba ne a ƙungiyar, ya yi barazanar daina nuna finafinansa, sannan a watan Yuli ya je shi kaɗai ya sasanta a kan kwana 17 kacal kafin fim ya isa gidajen mutane, alhali a da kusan wata uku ake ba sinima. Mu ma a ɗan ƙaramin matakinmu haka abin yake: an sha tashi daga taro da alkawarin kuɗin shiga bai ɗaya, kafin sati ya zagayo wani ya rage naira hamsin domin ya janye 'yan kallon maƙwabcinsa. Daga baya muka cire farashi da rabon kuɗi tsakanin mai gida da mai fim daga ajandar taro, muka tsaya a kan haraji da lasisi da tsaro da satar fasaha, inda ciwon kowa ɗaya ne.

Maganar kuɗin wata ita ce ta fi cin rai. Idan aka yanka kuɗi ɗaya ga kowa, mai benci goma zai ce an zalunce shi. Idan aka yanka bisa yawan kujeru, mai babban ɗaki zai nemi ƙuri'arsa ta fi ta kowa nauyi, tunda shi ke ɗauke da kuɗin lauya da na mota. Mun tsaya a kan biya bisa girman gida, ƙuri'a kuma ɗaya ga kowane mamba, tare da ware wa ƙananan gidaje kujeru a kwamitin zartarwa. Manyan ba su ji daɗi ba, ɗaya ma ya yi fushi ya daina zuwa na wani lokaci. Sai dai su ma sun san cewa idan aka shiga ofishin kwamishina, yawan ƙananan ne ke cika shafukan littafin, ƙananan kuma sun san ba su da kuɗin ɗaukar lauya in ba da manyan ba. Wanda ya bar biya wata shida ana ɗaga sunansa daga rajista, in kuma aka rufe masa gida ƙungiya za ta je ta yi magana, amma sai ya fara biyan bashin da ke kansa.