Shekarar Yaya 34, garkuwar jikinsa ta dattijo ce

Wallahi abin da ya fi ɗaga min hankali a jinyar Yaya ba injin wankin ƙodar ba ne, mura ce. Murar da ni zan sha shayin citta kwana biyu ta wuce, shi sai ta kwantar da shi sati uku ta sauka ƙirji, ƙarshe sai gadon asibiti. Mutumin da a da shi kaɗai yake sauke buhun masara daga mota fa.

Ranar da robar da aka sa masa a wuya don wankin ƙoda ta kama ƙwayar cuta, yana ta rawar ɗari cikin bargo biyu da tsakar rana, na tare likitarsa na ce don Allah likita me ke faruwa ne? Ta ce min ciwon ƙoda yana tsofar da garkuwar jiki tun lokaci bai yi ba. Akwai wata 'yar tsoka bayan ƙashin ƙirji, taimus, a nan ake horar da sabbin sojojin jiki da ake kira ƙwayoyin T, dama tana motsewa a hankali idan mutum na manyanta, to dattin da ƙoda ta kasa tacewa da kumburin da yake haddasawa a jini su ke sa ta motse da wuri, sabbin sojoji su yi ƙaranci a bar tsofaffi da suka gaji. A masu wankin ƙoda ana ganin garkuwar ta girmi mai ita da kusan shekara 20. Na lissafa na Yaya, sai na ji jikina ya yi sanyi.

Shi ya sa rigakafin ciwon hanta nau'in B ninki ake musu, maikurogiram 40 maimakon 20, kuma duk da haka wasu jikinsu baya amsawa sai an sake. Na Yaya ma sai da aka sake. Abin da ya fi min ciwo, da an yi masa tun ƙodar na da sauran ƙarfi da ya fi kamawa, kuma ko dashen ƙoda aka yi tsufan nan baya komawa baya gaba ɗaya.

Yanzu Umma ce mai gadin ƙofa. Ɗan dubiya in yana tari, ko kawu ne, daga zaure zai yi sannu, ga buta da sabulu a bakin ɗaki. Wasu sun ji haushi, har aka ce mun fiye iyayi. Jiya dai Yaya ya cika wata biyu ba zazzaɓi, Alhamdulillah, har da kansa ya taka zuwa masallaci da takunkumi a fuska.