Yadda Baƙar Roba ke Shanye Igiyoyin Maikirowef

Baƙin da ke jikin tsohuwar tayar da ake yankawa a yi takalma da guga a kasuwannin Garwa da Marwa na Kamaru, garin kabon ne, mai laushi kamar kunkunniya, wanda ake cuɗawa da roba domin ta yi ƙarko. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda wannan haɗi yake shanye igiyoyin maikirowef, irin waɗanda na'urar rada mai gano jirage daga nesa da tandun ɗumama abinci suke aiki da su.

Roba zalla ba ta ɗaukar lantarki, saboda haka igiyoyin suna ratsa ta su wuce. Idan aka zuba kabon, ƙwayoyinsa sukan kusanci juna har su buɗe wa lantarki ƙananan hanyoyi, sai ƙarfin igiyar ya ƙare a ciki ya zama zafi maimakon ya koma inda ya fito. Wahalar aikin tana wurin awo, domin idan kabon ya yi kaɗan igiyar ta wuce, idan kuma ya yi yawa robar ta riƙa mayar da ita baya tun daga fuskarta. Kauri ma yana da muhimmanci, shi ya sa shimfiɗar robar da ta dace da igiya mai gigahaz 2.45 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne) ba lalle ta dace da mai gigahaz 10 ba.

Wannan zafi yana da amfaninsa. A 1978 kamfanin Goodyear na Amurka ya samu rajistar mallakar wata dabara ta warware ɗaurin da farar wuta, wadda ake sa wa roba don ta yi tauri, ta yi wa tsohuwar roba ta hanyar maikirowef, domin a sake sarrafa ta.