Abin da siyasar malaman Shikago ta koya mini

A lokacin da nake nazarin yadda ake tafiyar da mulkin birane a Amurka, babu inda ya ja hankalina kamar Shikago, domin a can ne ƙungiyar malamai ta tashi daga fafutukar ƙarin albashi har ta ɗora ɗanta a kujerar magajin gari.

Tushen lamarin shi ne dokar 1995, wadda ta damƙa makarantun gwamnati a hannun magajin gari, shi ke naɗa masu gudanar da su a wancan lokaci. Daga nan malamai suka fahimci cewa wuƙa da nama suna hannun duk wanda ya hau wannan kujera. A 2012 shugabar ƙungiyar malaman, Karen Lewis, ta jagoranci yajin aiki a zamanin magajin gari Rahm Emanuel, a 2013 kuma aka rufe makarantu kusan 50, mafi yawansu a unguwannin baƙar fata, inda iyaye suka wayi gari 'ya'yansu na ratsa unguwannin da ba su sani ba kafin su isa aji. Na lura cewa wannan raɗaɗi ne ya haɗa kan malamai da iyaye, kuma daga nan ƙarfin ƙungiyar ya samo asali. Malamar da ta koyar da ɗanka idan ta yi sallama a ƙofar gidanka tana neman ƙuri'a, za ka saurare ta fiye da tallan talabijin. Da irin wannan bin gida gida, haɗe da kuɗin da ƙungiyar ta zuba, Brandon Johnson, tsohon malami kuma jami'inta, ya kayar da abokin takararsa Paul Vallas a zagaye na biyu na zaɓen magajin gari cikin Afrilun 2023.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo bayan nasarar. Wanda ƙungiya ta ɗora shi ne kuma zai yi cinikin albashi da ita a madadin masu biyan haraji, wannan kuwa amana ce mai nauyi. A Oktoban 2024 dukan mambobin hukumar makarantu suka yi murabus ana tsakiyar taƙaddama tsakanin Johnson da shugaban makarantun, Pedro Martinez, kan ciyo bashi. Wata guda bayan haka, a karon farko da aka ba jama'a damar zaɓen masu riƙe kujeru 10 na hukumar, 'yan takarar da ƙungiyar ta mara wa baya 4 kawai suka yi nasara, alamar cewa yardar da jama'a suka ba malamai ta fara raguwa.