Turmin da ya kusa sa ni yi wa dutse ƙarya

Ranar da na fara ganin daik a gaɓar tekun Scourie, a arewa maso yammacin Sikotilan, sai da na tsaya sororo. Baƙin dutse ne miƙe sambal, ya ratsa tsohon dutse mai ratsi-ratsi kamar an sa wuƙa an tsaga gurasa an cusa wani abu a tsakiya. Wannan shi ne daik: narkakken dutse da ya taso daga mantil, wato jikin duniya da ke ƙarƙashin ɓawonta, ya bi tsaguwa a tsaye, ya daskare tun bai kai sarari ba. Mai masaukinsa, tsohon dutsen nan mai ratsi-ratsi da ake kira nais na Lewis, ya doshi shekara biliyan 3. Baƙon kuwa, mafi yawansa ya shigo ne kimanin shekara miliyan 2,400 da suka wuce, wani kuma wajen miliyan 2,000. Da waɗannan daik ɗin ne masana duwatsu John Sutton da Janet Watson suka raba tarihin yankin gida biyu a 1951: abin da ya faru kafin shigowar daik ɗin, da wanda ya lanƙwasa su daga baya.

Ni ba shekaru suka kai ni ba. An riga an gano su daga wani ɗan ƙwayar ma'adini da ake kira badaliyait, wanda ke riƙe yuraniyom ya bar shi yana rikiɗa zuwa darma. Tambayata ita ce, daga wane irin mantil narkakken ya fito?

Aikin guduma na farko na yi shi da garaje. Duk inda dutse ya ba ni sauƙi, nan nake fasawa, kuma inda ya fi sauƙi shi ne inda ruwa da iska suka riga suka cinye. Malamina ya ɗaga wani guntu, ya nuna mini jan ɓawon da ke bayansa, ya ce, "Wannan labarin ruwan sama zai ba ka." Gaskiyarsa. Fotasiyom da rubidiyom da bariyom ba su da amana, ruwa kaɗan sai su bi shi. Zakoniyom da titaniyom da niyobiyom su ne masu zama inda aka ajiye su. Ya kuma sa ni na riƙa ɗiba daga bakin daik ɗin, inda narkakken ya taɓa dutse mai sanyi ya daskare nan take. Ƙwayoyin wurin ƙanana ne, da kyar ido ke raba su, alhali na tsakiya manya ne don sun samu lokacin girma. Bakin ya fi kusa da ainihin ruwan dutsen da ya shigo, ko da yake shi ne kuma ya goga kafaɗa da mai masauki, sai a haɗa da na tsakiya a gwada.

Ɓarnar gaske a ɗakin gwaji na tafka ta. Akwai layi a kan turmin aƙiƙ, ga shi yana da nawa, ni kuma ina sauri. Sai na zuba samfurina a turmin tangistin kabaid, wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri, wanda cikin ɗan lokaci yake mayar da dutse gari lilis. Da sakamako ya fito, na zana shi a jadawali ina gwada kowane sinadari da adadinsa a asalin mantil, wato mantil ɗin farkon duniya, sai na ga tantalom ya yi tsalle sama. Har na fara murna. Duwatsun nan an san su da ƙarancin niyobiyom da tantalom, ga nawa sun saɓa. Na ɗauka na gano wani narkakke daban daga can ƙasa mai zurfi.

Malam bai ko gama duba takardar ba ya ce, "Da wane turmi ka niƙa?" Ya sa yatsa a kan layin kobal, wanda ya yi yawa fiye da hankali. Kobal ne ke ɗaure ƙwayoyin turmin, kuma turmin kan zubar da tangistin da ɗan tantalom cikin gari. Sannan ya ce in lissafa sau nawa niyobiyom ya ninka tantalom. Tagwaye ne, tare suke tafiya, a asalin mantil niyobiyom ya ninka tantalom wajen sau 17. Nawa ya faɗo ƙasa warwas. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Allah ya taimake ni na ajiye rabin kowane dutse ban niƙa ba. Na bi layin aƙiƙ, makonni suka tafi, ramin da ƙarancin niyobiyom da tantalom ke yi a jadawali ya dawo inda aka san shi.

Daga nan ne ma ciwon kan ya soma, don ramin nan harshen damo gare shi. Yana iya nufin narkakken ya haɗiyi ɓawon nahiya a hanyarsa ta tasowa, tunda ɓawon ma haka yake da wannan ƙarancin. Yana kuma iya nufin tun daga tushe ne, wato tsohon mantil da ke manne a ƙarƙashin nahiyar, wanda ruwan wani ɓawon teku da ya nutse ya jiƙa tun da daɗewa. In haɗiya ce, ya kamata ramin ya ƙara zurfi yayin da silika ke ƙaruwa, magnesiyom ke raguwa. A samfurina ban ga haka ba, ramin yana nan har a duwatsun da suka fi magnesiyom. Shi ya sa na karkata ga tushe, kodayake ban yarda jadawali guda ya isa yanke hukunci ba, sai an kawo shaidar aisotof na niyodimiyom, wato nau'o'in wannan sinadari masu bambancin nauyi.

Garin turmin farko ban zubar ba. Yana cikin kwalabe a kan kanta, na rubuta musu "tangistin" da jan alƙalami, kuma duk sabon ɗalibin da ya zo yana ƙorafin layin aƙiƙ, su nake fara sauko masa da su.