Octave Chanute, maginin gada da ya tsunduma nazarin tashi sama

Kowa ya san Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan da suka fara tashi sama da jirgi mai inji. Ni kuwa wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon da Wilbur ya aika wa wasiƙa a watan Mayun 1900 yana neman shawara, wato Octave Chanute.

An haife shi a Paris a 1832, mahaifinsa ya kai shi Amurka tun yana yaro. Layin dogo da gadoji ne sana'arsa. Shi ya gina gadar Hannibal a Kansas City a 1869, ta farko da ta ƙetare kogin Missouri. Sai da ya manyanta ya yi suna, sannan ya waiwayi abin da takwarorinsa ke kallo a matsayin aikin mahaukata, wato nazarin tashi sama.

Tattara bayanai ya sa a gaba. Ya yi ta musayar wasiƙu da masu gwaji a Faransa da Jamus har Ostireliya, yana buga abin da ya samo a wata mujallar injiniyoyin jirgin ƙasa. A 1894 ya haɗa rubuce-rubucen suka zama littafin Progress in Flying Machines. Galibinsa labarin gwaje-gwajen da suka ci tura ne: wane ne ya ƙera, nawa ne faɗin fiffiken, nawa ne nauyin, me ya kayar da shi. Mu masu aikin gini mun san tsadar irin wannan rubutu, domin da wuya mutum ya zauna ya rubuta dalilin rushewar katanga, kowa ya fi son a binne zancen.

A 1896, yana da shekara 64, ya kai jirage marasa inji tuddan yashi na bakin tafkin Michigan. Matasa irin su Augustus Herring ke hawa, shi yana tsaye yana lura. Wanda ya fi yin kyau shi ne mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi a gicciye, yadda ake ƙarfafa gada. Wannan tsarin su Wright suka ɗauka.

Daga baya sun saɓa. Su Wright sun shiga kai masu ƙera jirage ƙara a kan haƙƙin ƙirƙira, shi kuma ya fito fili ya soki lamarin. Na san gumin da suka zuba, amma a nan ina bayan dattijon, don kyauta ya ba su duk abin da ya sani. Ya rasu a Chicago a Nuwamban 1910.