Shekaruna a gidan matuƙin jirgin soja a Ikeja

Na baro Tasawa ta jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar a farkon 1991, kuma a saman tirelar shanu na shigo Legas. A Zangon Agege na fara sauka, a shagon wani ɗan garinmu mai sayar da goro, kuma a nan na gane cewa jin Hausa kaɗai ba ya raba mutum da baƙunta. Idan na ce jikka ina nufin sefa 1,000, alhali su Hausawan Najeriya jakarsu naira 200 ce, idan kuma na ce zan tafi likita sai a tambaye ni wane likitan, domin su asibiti suke cewa.

Bayan wata huɗu ina dako, limamin unguwarmu ya haɗa ni da wani hafsan sojan sama, Bazazzagi, da ke neman mai gadi a gidansa na Ikeja. Yallaɓai nake ce masa, shi kuma har ya bar duniya Ɗan Tasawa yake kirana. Jirgin dakon kaya samfurin C-130 yake tuƙawa, mai injuna huɗu na farfela, kuma a Kaduna ya koyi tuƙi. Yakan ba mu labarin cewa a 1964 aka kafa rundunar sojan saman Najeriya, kuma Jamusawa ne suka horar da magabatansu. Na zo ne a lokacin da dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, wato ECOMOG, ke Laberiya, saboda haka yakan yi makonni yana jigilar sojoji da kayan abinci, mu kuwa ba mu san ranar dawowarsa ba.

Matarsa Hajiya ce ke riƙe da gidan da yara biyar, kuma a wurinta na koyi zaman Legas fiye da wurin kowa. Ita ta koya mini ciniki a kasuwar Mile 12 da gaisuwar Yarbanci, ita ce kuma ta matsa sai da na shiga ajin yamma na Turanci, tun da ɗan bokon da na yi na Faransanci ne. Akwai wata ƙaramar jakar fata baƙa da ba ta barin bayan ƙofar falo, a cikinta akwai kaki mai guga, da darduma, da reza, da ƙullin dabino. Duk ranar da Yallaɓai ya dawo, kafin a zuba masa abinci Hajiya ta sake shirya jakar, domin waya na iya bugawa a tsakar dare. A cikin duk jiragen da ke tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed, tana bambance ƙugin C-130 daga cikin kicin.

Ranar Asabar 26 ga Satumba, 1992, Yallaɓai ya fita da safe a cikin kaki, bai ce ga inda za shi ba, kamar yadda ya saba. Da dare magana ta fara yawo cewa wani C-130 da ya nufi Kaduna ya faɗa cikin fadama a Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa. A wancan zamani babu wayar hannu. Hajiya ta shimfiɗa darduma kusa da wayar tebur ta kwana a zaune, ni kuma na kwana a bakin get ina duban fitilar kowace mota. Sai da rana ta ɗaga ya shigo, takalminsa da wandonsa duk taɓo. Ba ya cikin jirgin, amma mutum fiye da 150 ne suka rasu, akasarinsu hafsoshin da ke kwas a kwalejin soja ta Jaji, kuma ya san ma'aikatan jirgin ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a dakali kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ɗan Tasawa, samo mini ruwa in yi alwala." Ban ƙara jin ya ta da maganar ba. Da Hajiya ta roƙe shi ya ajiye aikin, sai ya ce mata ajali ba ya tambayar sana'a, kuma ba a yi mako biyu ba ya sake ɗaukar jakarsa.

Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan. Shi ya koya mini tuƙin mota, shi ya tsaya mini a matsayin waliyyi da na tashi aure a Agege, kuma da ya yi ritaya ya ba ni jarin da na buɗe shagon hatsi. Ya rasu a 2016 bayan gajeriyar jinya, Allah ya jiƙansa, Hajiya kuma ta koma Zariya wurin babban ɗansu. Ranar da ake kwashe kaya ta kira ni ta miƙa mini baƙar jakar nan, ta ce ta gaji da ganinta a bayan ƙofa. Na sa an canza mata zip sau biyu, kuma da ita nake zuwa Tasawa ganin gida.