Yadda na je Argungu da takardar tambayoyi na dawo da ita ba ko ɗigon biro

A watan Maris na 2020 ne na tafi Argungu bincike kan al'adun Kabawa masunta, lokacin an dawo da bikin kamun kifi bayan kusan shekara 10 ba a yi ba. Ni ɗan Kano ne, ban taɓa shiga kwalekwale ba, amma na haɗa tambayoyi 40 na buga su fes a kwamfuta, na sayi rikoda, na haddace tarihin: 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi aka shirya masa su na girmamawa, 2016 kuma UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. A raina na gama aiki, saura kawai tsofaffi su cike min gurbi.

Kwana na farko na yi shi gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fada ce, na sha hotuna. Ranar su ɗin kuwa ba a magana, dubban mutane sun yi sahu kowa da gora da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, ana buga bindiga suka kwasa a guje suka afka kogin Matan Fada, ƙura sama laka ƙasa, kusan awa ɗaya aka gama, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78. Na koma masauki na buɗe littafi in rubuta abin da na gano, wallahi babu abin da na rubuta wanda mai kallon talabijin a Legas bai gani ba.

Bayan baƙi sun watse aka haɗa ni da wani dattijo masunci. Ko gaisuwar kirki ban gama ba na danna rikoda na ce Baba ana cewa Sarkin Ruwa kan sallami kadoji kafin a shiga ruwa, me ake karantawa? Ya dube ni ya dubi rikodar ya ce "ɗan makaranta mi kaka biɗa? Aje wagga aba. Taho zamna." Sai ya miƙo min bakin homa ya ce riƙe nan, ya ci gaba da ɗinke inda ta yage. Haka muka yi har la'asar, ni dai riƙo.

Kwana tara ina zuwa riƙon homa. A nan ne zance ya riƙa fitowa da kansa, ba a jere ba, yau gyaran ruwa gobe fashin ruwa, wato al'adun da ake yi wa ruwa kafin a fara su, jibi faɗan da ya yi da ƙanensa kan gora. Ya nuna min yadda gorar nan take aiki biyu, kana kwance a kanta tana ɗauke da kai kuma cikinta kake zuba kifi, da yadda ake lalube da hannu a gane kifi tun kafin a ɗago shi. Ya ce abin da ya fi damunsa ba yaran da suka koma acaɓa ba ne, ruwan ne ke ja baya, kuma hana su a Matan Fada sauran shekara shi ke sa a samu manya ranar biki. Maganar kada kuwa da na sake ɗaukowa a kwana na bakwai cewa ya yi abin gidan wasu ne, ko shi da ya tsufa a ruwa ba ya tambaya. Na ji haushi a lokacin gaskiya, don a kanta na gina babi guda. Daga baya na cire babin, na rubuta cewa ilimi ne na gado mai masu shi, iyakar abin da aka yarda in ɗauka kenan.

Babbar kwaɓar da na yi sai da na dawo gida. Ya yarda na ɗauki muryarsa a kwana ukun ƙarshe, ni kuma da na zo kwafewa sai na riƙa "gyara" masa Hausa, inda ya ce shina in sa yana, hwara in sa fara, gidanai in sa gidansa. Malamin da ke duba aikina ya karanta shafi biyu ya ce to ina dattijon yake, wannan ai wani ɗan Fagge ka yi hira da shi. Kunya kamar in nutse. Sati uku na yi cikin kullen korona da iyafis a kunne ina sake kwafewa kalma kalma.

Can a cikin sauraron ne na lura duk hirarrakin nan akwai muryar matarsa daga bayan zana tana banda kifi, sau huɗu tana gyara masa zance, sau ɗaya ma ta ce ba haka aka yi ba sam. Kwana tara ina cin tuwonta ban yi mata tambaya ko ɗaya ba. Na kira wayar ɗansu na ce don Allah a ba Inna, ta karɓa ta ce "sai yanzu ka tuna?" Mun yi minti 50 har katina ya ƙare.